Gwajin zuciya ga wanda ba ya jin ciwo

Hawan jini kan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, har ya raunana zuciya ko ya haddasa shanyewar ɓarin jiki.

Gwajin ECG yana iya nuna kaurin naman zuciya ga mai hawan jini, amma kyakkyawan sakamako ba ya nufin mutum ya tsira.

A shekarar 2018, kwamitin ƙwararrun Amurka kan rigakafin cututtuka ya ba da shawarar kada a yi gwajin ga masu ƙarancin haɗari da ba sa jin ciwo.

Ga manomi a Ɗambatta ko Bichi, matakin farko shi ne awon jini a asibitin kusa. Idan awon ya riƙa kaiwa 140/90, sai a ga likita.