Ire-iren Akwatin Rediyo a Birnin Sakkwato: Waiwaye Kan Bambance-bambancensu

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna cewa abin da mutumin Sakkwato ya saurara a shekarun baya, ƙirar akwatinsa ce ta yanke masa shi tun kafin ya murɗa.

Akwatin farko da Arewa ta sani mai waya ne, wanda aka fara a Kano a 1944. Lasifika ce kurum a cikin katako, sai abin ƙara murya. Ba a zaɓen tasha. Zaɓi ya samu ne da akwatunan da ke kamo tasha da kansu, musamman masu taransisto, waɗanda suka fito a Amurka a 1954, suka kuma wadatu da batir ɗin tocila. Wannan ya zo daidai da buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da Rediyon Kaduna a 1962.

To, a nan ne bambancin ƙira ya zama abin lura. Kamfani ɗaya, kamar Philips ko National, yakan fitar da akwati iri biyu masu kama da juna. Na kasuwar Turai yakan zo da dogon zango, wanda ba a watsa shiri a kansa a Nijeriya. Na kasuwannin Afirka kuwa a cika shi da gajeren zango. Ga birni mai nisa da Kaduna kamar Sakkwato, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin matsakaicin zango ba ya cin dogon zango da rana, sai dare ya yi ya riƙa dawowa daga sararin sama. Mai gajeren zango kuwa yana samun Kaduna a kan mita 49 da rana tsaka, ya kuma leƙa Landan da Yamai.

Bayan kuɗin Udoji na 1975, ma'aikata sun shiga sayen manyan na'urorin falo irin su Pioneer da Sansui. Abin mamaki, yawancinsu matsakaicin zango da FM kaɗai suke da su, alhali babu tashar FM a Sakkwato a lokacin. Sai ga na'ura mai tsada ta kasa abin da ƙaramar rediyon mai shayi take yi, ta koma ta garmaho da kaset. Su ma ɗin iri-iri ne: wadda aka ƙera don Amurka ƙarfin lantarki 120 take ɗauka, in aka jona ta da namu sai ta ƙone, amma ta fitarwa waje tana da makunnin sauyawa a bayanta.

A ganina, wanda ya fi shafar manazarcin harshe shi ne rediyo mai kaset. Philips ya fito da kaset a 1963, zarensa yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan batir ya yi sanyi ana cikin ɗauka, zaren yakan rage gudu. In aka saurara daga baya a lafiyayyar na'ura, sai murya ta yi sama, kiɗa ya yi sauri, dogon wasali ya gajarce. Saboda haka ɗalibin da zai auna karin waƙar Musa Ɗanƙwairo ko ta Ɗan Anace daga tsohon kaset, ya kamata ya fara tambayar a wace na'ura aka ɗauka, kuma kofi na nawa ne ya iso hannunsa.