Black Queens: Shekara Talatin da Ɗoriya Ana Bin Sawun Najeriya

 Makon nan shirin tarihi ya ajiye zancen goron Salaga da sarautar Yendi, ya shiga filin ƙwallo, ƙwallon ma na mata. Na san akwai dattijon da zai murɗa rediyonsa yana tsaki. Baba, a yi haƙuri a saurara, akwai 'yar gida a cikin labarin.

Ƙungiyar mata ta ƙasar Gana, wadda ake kira Black Queens, ta fara fita gasar Afirka a 1991, kuma da Najeriya ta fara karo. Ta sha kashi. Wannan karon farko shi ya zama fasalin tarihinta duka: duk inda matan Gana suka nufa, sai su tarar matan Najeriya sun riga su zama a bakin rijiya. Sau uku suna kai wa wasan ƙarshe na kofin Afirka, a 1998 da 2002 da 2006, duka ukun a ƙasar Najeriya aka yi, duka ukun kuma Najeriya ce ta ɗauke kofin. Biyu da nema, biyu da nema, sannan ɗaya da nema.

Amma a 2002 an yi abin da tsofaffin 'yan kallo ba su manta ba. A wasan rukuni, Gana ta doke Najeriya ɗaya da nema a gabansu, a gidansu, Alberta Sackey ce ta jefa ƙwallon. Kafin ranar babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kayar da matan Najeriya. Da aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe sai suka rama. Duk da haka Sackey ce aka zaɓa gwarzuwar Afirka ta wannan shekara, Adjoa Bayor kuma ta gaje ta a 2003.

Kofin duniya sau uku suka je: Amurka a 1999 da 2003, sai Sin a 2007. Ba su taɓa wuce rukuni ba, kuma an ba su kashi mai zafi, bakwai da nema a hannun Sin a 1999, bakwai da biyu a hannun Nowe a 2007. Cikin wasa tara nasara ɗaya tak suka samu, biyu da ɗaya a kan Ostareliya a 2003, Sackey ce ta ci duka biyun. Tun daga 2007 ba su sake leƙawa ba.

Me ya jawo? A ganina ba ƙafa ce ta gaza ba, kiwo ne babu. Mai shanu ya san ba a ɗaure saniya rani guda ba dusa, sannan a zo da ƙwarya ana neman nono. Gasar ƙungiyoyin mata ta ƙasa baki ɗaya sai a 2012 aka kafa ta, aka raba ta shiyyar arewa da ta kudu. A 2015 matan nan suka ciyo zinare a wasannin Afirka a Barazabil, suka doke Kamaru, da suka dawo Ankara sai da suka ƙi fita daga masaukinsu saboda ba a biya su ladan da aka yi musu alkawari ba. A 2018 Gana ce ta karɓi baƙuncin kofin Afirka, a Ankara da Kef Kos, aka fitar da ita tun a rukuni. Na 2022 ko zuwa ba ta yi ba, kuma kun san wa ya tare hanya: Najeriya.

To ga 'yar gidan. A ƙarshen 2018, a ƙasar Urugwai, an yi kofin duniya na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17. Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, wadda ta taso a ƙungiyar Northern Ladies, ta ci ƙwallo 7, babu wadda ta fi ta a gasar, aka ba ta takalmin zinare. Uku daga ciki a wasan farko ta zuba wa masu masaukin baƙi. Daga Savelugu zuwa Tamale tafiyar rabin awa ce a mota. A hanyar nan kuma, duk mai zuwa tasha ya sani, motocin dare ke kwasar 'yan mata sa'anninta zuwa Kumasi da Ankara su yi kayayo a kasuwa. Ban ce ƙwallo zai ciyar da kowace yarinya ba, ko kusa. Wadanda ke samun abinci a cikinsa ba su da yawa, kuma uban da ke tsoron tarbiyyar 'yarsa yana da hujjarsa. Abin da na ce kawai, an gani da ido yarinyar arewa ta ɗauke takalmin zinare a gaban 'yan Turai da Amurka.

Ita ce kuma ta biya wani ɓangare na tsohon bashi. A watan Maris na 2024, a Kef Kos, 'yan ƙasa da shekara 20 na Gana suka haɗu da na Najeriya a wasan ƙarshe na wasannin Afirka. Najeriya ta fara ci, Gana ta farke, a ƙarin lokaci Mukarama ta jefa ta biyu.

Manyan ma sun farfaɗo. A Maroko, a watan Yulin 2025, sun kai wasan kusa da na ƙarshe, masu gida suka fitar da su a bugun daga kai sai mai tsaron gida, sannan suka doke Afirka ta Kudu ta wannan hanyar suka zo na uku. Kofin kuwa Najeriya ta ɗauka, karo na goma. Kofin duniya na gaba a Burazil za a yi shi, a 2027, shekara 20 cif da fitar Black Queens ta ƙarshe.