Fuji 1976: ranar da Lauda ya ajiye mota

1/ Jarabawa gare ni ranar Litinin, amma jiya na raba dare ina kallon tsohon bidiyon tseren Formula 1 na Japan, 1976. Bari in ba ku labarin ko ya fita daga raina. 🧵

2/ Niki Lauda, ɗan Ostiriya, direban Ferrari, ya yi wa kowa nisa a maki a wannan kakar. Ranar 1 ga Agusta motarsa ta kama da wuta a Nürburgring, Jamus. Fuska ta ƙone, kunne ya ƙone, hayaƙi ya yi wa huhunsa illa. Har limamin coci aka kira asibiti ya yi masa addu'ar bankwana.

3/ Sati shida kacal mutumin nan ya dawo a Monza, ya zo na huɗu, bandejin kansa jiƙe da jini. Amma tsere biyun da ya rasa sun buɗe wa James Hunt na McLaren ƙofa.

4/ Tseren ƙarshe, Fuji, 24 ga Oktoba. Lauda maki 68, Hunt 65. Ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya, ga hazo. An jinkirta, an yi ta gardama, ƙarshe dai aka tashi.

5/ Zagaye biyu Lauda ya yi, ya shigo ya ajiye mota. Ku tuna fa, fatar idonsa ta ƙone, ko ƙiftawa ba ya yi sosai, kuma feshin ruwan motocin gaba ya rufe hanya. Forghieri, injiniyan Ferrari, ya ce a ce mota ce ta samu matsala. Lauda ya ƙi, ya ce shi ya ga dama ya tsaya.

6/ Nan ne ni da abokin ɗakina muke saɓani. Shi ya ce tsoro ne. Eh, tsoro ne, to sai me? Wanda bai cika wata uku da fitowa daga cikin wuta ba, wallahi ban ga bakin da zan zarge shi ba.

7/ Hunt ya ja gaba, hanya ta bushe, tayoyin ruwa suka cinye. Saura 'yan zagaye ya shiga canji, ya fito na biyar. Ya wuce Regazzoni da Alan Jones, ya gama na uku. Andretti ne ya ci tseren.

8/ Hunt ya fito yana ta masifa, a zatonsa ya faɗi. Sai da aka ce masa 69 da 68.

9/ Bai ƙara cin kambun ba. Lauda ya ci na 1977 da Ferrari ɗin, ya tattara ya koma Brabham.