Hoto ko Murya? Nazarin Koyarwa ta Manhajar Bidiyo a Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Maƙalar ta auna tsadar darasin bidiyo kai-tsaye da aljihun ɗaliban wannan yanki na Jihar Kebbi. Ta nuna cewa hoton fuska shi ya fi cin kuɗi a darasin, shi ne kuma ya fi ƙarancin amfani.

Gabatarwa

A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu saboda annobar korona. Cikin Afrilu Ministan Ilimi, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu da su koma koyarwa ta intanet. Umarnin ya tarar da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU tana yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. A wannan tsakanin kasuwar manhajar bidiyo ta Zoom ta buɗe: masu shiga tarukanta a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Yankin yana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar a Aliero, garin albasa da masu ɗori, wadda aka kafa a 2006, da kuma kwalejin kimiyyar lafiya a Jega. To amma ranar da aka rufe makaranta, aji yakan bi ɗalibi har gidansu, ko da Andarai ne ko Mungadi a ƙasar Maiyama.

Lissafin Data

Bisa ƙa'idar kamfanin Zoom, taron jama'a da hoto yana bukatar kilobit 600 a daƙiƙa wajen karɓa, da megabit 1 wajen aikawa. Ke nan ɗalibin da ya kunna kyamararsa zai ƙona kimanin megabayit 700 a awa guda. Sauraren murya zalla kuwa bai wuce kilobit 80 ba, wato megabayit 36 a awa. Tazarar ta kusa ninki 20.

A 2020 naira 1,000 kan sayi gigabayit ɗaya da rabi, wanda lacca biyu kacal za su lashe. A ɗauka ɗalibi yana da awa 15 a mako, kuma kaɗan-kaɗan yake saye kamar yadda talaka ya saba: sai ya kashe wajen naira 7,000 a mako, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin 30,000 ne a wata. Manomin da ke jiran albasarsa ta yi daraja a rumbu ba zai ɗauki wannan ba. A Janairun 2025 ma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data.

Ga kuma batun caji. Bidiyo yana shanye batir, yana gasa waya a zafin bazara, in wuta ta ɗauke kuma sai an kai wa mai caji a bakin kasuwa.

Abin da Ya Dace

Malamin lissafi ko na kemistiri allonsa ake bukata. In ya kashe kyamara ya nuna rubutunsa a fuskar waya, ya kuma tura muryar darasin a zauren WhatsApp, ɗalibin da sabis ya yanke wa zai saurara da dare. Iyakar minti 40 da Zoom ya sa wa masu shirya taro kyauta ma, a ganin marubucin, alheri ce, domin tana hana malami dogon turanci.

Inda dabarar ta gaza shi ne darasin aikin hannu. Ɗalibar Jega da ke koyon neman jijiya ko auna hawan jini sai ta riƙe hannun mutum, malama na tsaye a kanta.