Mazaunin halitta da alaƙarsa da cutar tsargiya

Mazaunin halitta shi ne wurin da wani abu mai rai yake zaune a bisa ɗabi'arsa, inda yake samun abinci da ruwa da maɓoya da yanayin hayayyafa. Idan aka raba shi da wurin, ba ya daɗewa. Ƙwayoyin cuta da dabbobin da ke ɗauke da su ma haka suke, shi ya sa sanin mazauninsu ke taimaka muku wajen kare iyalinku.

Ku ɗauki tsargiya. Tsutsar da ke haddasa ta ba ta iya wucewa kai tsaye daga mutum zuwa mutum. Sai ta biyo ta cikin wani ƙaramin dodon koɗi. Shi kuwa mazauninsa ruwan daɗi ne mai ɗumi, kwantacce ko mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe: tafki, kududdufi, bakin madatsar ruwa, hanyoyin ban-ruwa na noman rani. Ba ya rayuwa a ruwan gishiri.

Idan mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a irin wannan ruwa, ƙwayayen tsutsar kan ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗin, su yaɗu a cikinsa na wasu makonni, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka, wanki ko su. Ba sai an sha ruwan ba.

Mutane kan faɗaɗa wannan mazauni da hannunsu. Bayan kammala madatsar Diama a kogin Senegal a 1986, ruwan teku ya daina hawowa cikin kogin, dodon koɗi ya samu wuri, tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard-Toll.

Idan yaronku na fitsari da jini, musamman a ƙarshen fitsarin, ku kai shi asibiti a gwada. Wasu na ɗaukar hakan alamar balaga. Ba haka ba ne, kuma barinsa kan jawo ƙarancin jini da lalacewar mafitsara ko ƙoda. Maganin praziquantel yana kashe tsutsar, amma ba ya hana sake kamuwa idan yaro ya koma tafkin. In babu wani ruwan wanka sai na tafki, ku tafasa shi, ko ku ajiye shi a randa kwana biyu kafin amfani, domin tsutsar ba ta kai haka a raye idan ba ta samu jikin mutum ba.