Yadda Ƙ, Ɗ Da Ɓ Suka Sha Wuya A Hannun Na'ura

Yau mun ɗan jingine labarin soyayya domin mu waiwayi tarihin allon da muke buga labaran da shi.

Jerin haruffan da ya fara da QWERTY ya girmi kakanninmu. Da shi keken rubutu na Remington ya shiga kasuwar Amurka a 1874. Da kwamfuta ta zo sai ta gaje shi yadda yake, domin hannun da ya saba ba ya son sauyi. Ko maɓallin F3, wanda ke dawo da layin da mutum ya buga a baya tun zamanin DOS na 1981, har yau yana aiki a baƙin allon umarni na Windows. Masu ƙera na'ura sun san in suka cire shi tsofaffin masu aiki za su yi bore.

To mu fa? Haruffanmu masu lanƙwasa sun zauna da gindinsu tun shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, amma allon Bature bai ba su gurbi ba. A keken rubutu sai an gama bugu a bi da biro ana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ofisoshi da shagunan buga takardu suka yawaita. A shekarar ne kuma tsarin Unicode ya fito, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu, sai dai ya daɗe bai iso shagunanmu ba. Kafin nan, salon rubutu na Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar shi ya rufa wa marubuta asiri: ya ari gurbin wasu alamomi da ba mu cika amfani da su ba, ya ɗora haruffanmu a kai.

Ga inda gizo ke saƙar. Buɗe littafin da aka buga da shi a na'urar da ba ta da shi, sai ka ga alamar baka a inda ƙ take, kalma ta koma shirme. Bature ya rufa wa tsohon maɓallinsa asiri shekara arba'in da ɗoriya, namu kuwa babu mai kula mana sai mu.

Don haka duk marubucin da ke da tsohon aiki a faifai, ya nemo shi ya mayar da shi Unicode tun faifan bai mutu ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.