Tushiya Mafarin Dawa: Tuwon Gidajenmu Da Tarihin Zuwanmu Minna

Akwai wani abu da ya daɗe yana damunmu, wanda duk mai zuwa taron biki ko suna a garin nan ya sha gani. Dattijo zai kira yaro ya ce masa, "Kai ɗan gidan wane ne, daga ina kakanka ya zo?" Sai yaro ya yi tsuru-tsuru, can ya ce, "Baba, mu 'yan Limawa ne," ko "mu 'yan Kwangila ne." In aka matsa masa, iyakar abin da zai ƙara shi ne, "An ce daga arewa muke." To, laifin ba na yaron ba ne, namu ne da ba mu gaya masa ba. Yawancin kakanninmu ba su bar mana labarin zuwansu a rubuce ba. Amma sun bar mana wata shaida da muke ɗorawa a murhu kullum ba mu lura ba, wato abincin gidajenmu.

Bari mu fara da abin da tarihi ya tabbatar. Ƙasar Minna ta Gbagyi ce, waɗanda muka saba kira Gwari, su muka tarar a kan duwatsun nan. Hulɗar Hausawa da wannan yanki kuwa ta girmi zuwan Turawa, don fatake sun daɗe suna ratsawa zuwa ƙasar Nufe, kuma a 1828 ne Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. Amma abin da ya mai da Minna gari shi ne jirgin ƙasa. A 1907 aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, bakin kogin Kwara, ya biyo ta nan, ya isa Kano a 1911. Daga baya layin Ikko ya biyo ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi a Minna, garin ya zama mahaɗa. Wajibi ne mu faɗa wa 'ya'yanmu cewa da yawa daga cikin waɗanda suka haƙa hanyar nan mutanen ƙauyukan Nufe da Gbagyi ne da aka ɗebo aikin tilas.

Inda duk aka tara ma'aikata, sai an sami mai ciyar da su. Nan ne kakanninmu suka shigo: mahauta, 'yan koli, maƙera, maɗinka, malamai da almajiransu, da mata masu tuwon sayarwa da fura da ƙosai a bakin tasha. Sunayen unguwanninmu ma kaɗai sun isa darasi. Wanda ya ji Limawa, ko Maƙera, ko Kwangila, ko Sabon Gari, ya san da wane harshe aka raɗa su, ya kuma ji sana'ar da ke bayan wasunsu. Ƙetaren Gwari da Dutsen Kura Gwari kuwa suna tuna mana da masu masaukinmu.

Ba neman riba kaɗai ya gangaro da mutane kudu ba, har da yunwa. Tsofaffin Kano sun riƙa ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. An yi 'Yar Gusau a 1942, sa'an nan ga farin 1973 wanda da yawa daga cikinmu mun gani da idonmu. A irin waɗannan shekaru ne kwaɗon tafasa da na rama da na zogale suka riƙe rayukan gidaje. Saboda haka in tsohuwa ta ga jikanta ya ture kwanon kwaɗo ta ɓata rai, ba rigimar tsufa ba ce, akwai abin da ta tuna. Sai dai in ba a zauna an gaya wa yaron ba, shi ganye kawai yake gani.

Wani ayarin kuma ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta raba Jihar Arewa Maso Yamma, aka kafa Jihar Neja, Minna ta zama babban birni. Ma'aikata suka dawo daga Sakkwato da iyalansu, 'yan kasuwa suka biyo baya, unguwanni irin su Tunga da Bosso suka cika suka batse.

Kowane ayari da irin girkin da ya zo da shi, kuma har yau mai lura yana iya ganewa. Gidan da ake gasa gurasa a tanderu a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da wuya a rasa jinin Kano a ciki. Inda fate ya zama abin marmari, a tambaya, sau da yawa za a ji Zazzau. Masu hoce sukan fito daga wajen Sakkwato da Zamfara. Inda ake sinasir da burabisko ranar salla, a bincika, ana iya samun kaka ko surukar da ta zo daga Barno. Hatta kayan garar aure, alkaki da nakiya da dubulan, kowane gida da hannun da ya koya daga wurinsa. Dakuwa da kilishi da dambun nama kuwa su ne guzurin matafiya, don sukan yi kwanaki ba su lalace ba. Da irinsu aka hau jirgi aka zo garin nan.

Wannan rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin shi ne abin da muka tarar. Kakanninmu mutanen gero da dawa ne, a nan suka saba da doya har sakwara ta zama abincin gida. Doyar da muke saye daga Gwada da Paiko da Kuta, gumin manoman Gbagyi ne. Shinkafar da muke tuwo da waina da ita, daga fadamun Bida da Badeggi da Wushishi ake kawo mana mai yawa, ga ƙuli-ƙulin Nufawa da ya yi suna ko'ina. Man kaɗanya da kalwar da ake daddawa da ita, matan ƙauyukan kewaye ne suke kawowa kasuwa. Tun da aka gama madatsar Shiroro a 1990, kifin Zumba ya ƙara shiga miyarmu. Ashe kwanon da ke gaban yaro da dare, tuwon shinkafa miyar kuka da busasshen kifi, ya haɗa inda muka fito da inda muka sauka. Yaron da ya san haka ba zai raina maƙwabcinsa ba, ba kuma zai ji kunyar asalinsa ba ranar da aka tambaye shi a makaranta ko a ofis.

A da, ba sai an shirya wannan darasi ba. Aikin tuwo doguwar hanya ce: a yi surfe, a bakace, a wanke, a kai niƙa, a tankaɗe, a yi talge, a tuƙa, a kwashe da mara. Daddawa kuwa sai an dafa kalwa ta yi laushi, a cire ɓawo, a rufe ta kwana biyu ko uku kafin a kirɓa. Duk tsawon lokacin nan yarinya tana gindin turmi, kaka tana zuba. "Ke kishiya, miƙo mini muciyar nan. Kin san wa ya koya mini wannan miya? Goggon babanki ce, wadda aka kawo ta aure daga Katsina a jirgi." Kafin a sauke tukunya yarinya ta ji sunan mutum uku da garin biyu. Da dare kuma maza suna zagaye akushi ɗaya a zaure, yaro yana cin gefensa yana jin hirar manya.

Yau inji ya karɓi aikin turmi, dunƙulen magi ya ture daddawa a gidaje da dama, yaro ya dafa indomi cikin minti biyar ya shige ɗaki da wayarsa. Ba mu ce a koma surfe da hannu ba, sauƙi rahama ne. Amma hirar da take tafiya tare da aikin ita ce ta salwanta, tsofaffin da suka san sunayen kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka muna roƙon 'yan'uwa abu kaɗan. Ko sau ɗaya a mako, a yi girkin da aka gada daga kaka, a kira yara mata da maza su sa hannu. A faɗa musu sunan wadda ta zo da shi, da garinsu, da abin da ya kawo su Minna. A tafi da su kasuwar Gwari ko ta Kure, a nuna musu kalwa da kuka da gero tun ba a sarrafa ba, su gaisa da masu sayarwa. Azumi da salla ma dama ce, lokacin da kunun tsamiya da ƙosai da waina suke tara kowa wuri ɗaya. Wanda kuma Allah ya bar masa tsohuwa a gida, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya ɗauki littafi da biro ya zauna gabanta, ya rubuta yadda ake miyar tare da sunayen da za su biyo baya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha wahalar hanya, ya saka wa waɗanda suka karɓe su da alheri, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.